Kafin Ka Yanke Waya: Nasiha Ga Mai Koyon Gyaran Fitilun A-kori-kura

Ɗana, na ga hannunka yana da sauri, kuma sauri a hannun mai sana'a ba abin ƙi ba ne. Abin da nake so mu duba tare shi ne lokacin da saurin yake zuwa. Ana shigo da a-kori-kura gareji, direba bai gama cewa "fitilata ce ba ta kamawa" ba, sai ka ga yaro ya riga ya zaro filaya, ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari, ya fara fere waya. Kafin la'asar an canza ƙwai, an yanke nan an ɗaura can, an naɗe da salatef, fitila ta kama, kowa ya yi hamdala. Mako bai zagayo ba motar ta dawo, yanzu har sigina ta shiga sahun marasa lafiya. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ba basira yaron ya rasa ba. Ba a dai nuna masa cewa aikin wuta da tambaya ake fara shi ba, a bi shi da awo, yanka kuwa ya zo a ƙarshe, in ma ya zama dole.

Ka fara da direba, domin shi ya kwana da motar. Ka gaishe shi, ka ce, "Maigida, yaushe ta fara? Gaba ɗaya ta ɗauke, ko takan zo ta tafi?" Ka tambaye shi ko an kai ta wanki, ko ya ratsa ruwa, ko mai walda ya taɓa bayanta, ko an ɗaura mata sabuwar rediyo ko ƙarin fitila. Direbobi da yawa ba za su faɗa maka wani ya riga ka taɓa motar ba sai ka tambaya da lalama, don suna jin nauyin a ce sun fara zuwa wani wuri. Matambayi ba ya ɓata. Wanda ya ce maka "sai na shiga gargada take ɗaukewa" ya riga ya yi maka rabin aiki: wani abu ne ya saki, kuma girgiza ce za ta tona shi.

Daga nan ka sa shi ya zauna a mazauninsa, kai kuma ka zagaya motar. Fakin, dim, ful, sigina hagu da dama, birki, ribas, fitilar lamba. Kada ka tsaya a kan wadda ya kawo ƙara kaɗai. Abin da ya mutu da abin da ya rage da rai, su biyun ne za su nuna maka inda za ka dosa. Idan ƙwai ɗaya ne ya ƙi, ɗan'uwansa na ɗaya gefen yana ci, matsalar tana kusa: ƙwan ne, ko mazauninsa, ko guntuwar wayar da ke tasa shi kaɗai. Idan biyun suka ɗauke lokaci guda, da wuya a ce sun haɗa baki sun ƙone. Nemi abin da suke tarayya a kai, fis ko rile ko makunni. Idan sigina tana ƙyaftawa da sauri fiye da yadda ta saba, galibi ƙwai ɗaya ne ya mutu a wannan gefen, filasha ta ji nauyi ya ragu. Idan fitilar ribas ce, kada ka manta makunninta a jikin giyabos yake, inda mai da laka suke haɗuwa. Wannan zagayen bai fi minti biyu ba, amma shi ne yara suka fi tsallakewa.

Yanzu ga abin da nake so ya zauna maka fiye da komai. Wuta kamar mai zuwa kasuwa ce da ba ta kwana a waje: in ba ta ga hanyar komawa gida ba, ba za ta fito ba. Tana tashi daga fozitif na batir, ta bi fis, ta bi makunni, ta ratsa ƙwai, sannan ta koma negetif. Hanyar tafiya waya ce da ido yake gani, shi ya sa kowa ya fi kula da ita. Hanyar dawowa kuwa yawancinta ƙarfen motar ne da kansa: 'yar waya ce take fitowa daga fitila a ɗaure ta da noti a jikin bodi, daga nan ƙarfe ya mayar da wutar batir. A wurin wannan notin ne rabin wahalarmu take kwance.

A-kori-kura ta fi ƙaramar mota shan wannan cuta, kuma dalilin a fili yake. Gidan direba daban, akwatin kaya daban, kowanne an ɗora shi a kan shasi. Wayoyin fitilun baya suna bin ƙarƙashi tun daga gaba har ƙarshe, a buɗe ga duk abin da taya ta watso. Da damina laka, da rani ƙura. Yau buhunan taki, gobe tumaki da fitsarinsu, jibi kifi da ruwan ƙanƙara. Duk wannan yana tsiyaya ne daidai inda notin negetif yake. Tsatsa ta shiga tsakanin waya da ƙarfe, a ido kamar a ɗaure yake tamau, amma wuta ba ta wucewa sai da ƙyar.

Wata Hilux da ke jigilar hatsi daga Dawanau ta taɓa zuwa mana da abin da direbanta ya rantse aikin aljanu ne. In ya taka birki, sai siginar hagu ta yi ja-ja-ja kamar garwashi, fitilar dashbod ma ta ɗan haska alhali bai kunna komai ba. In ya ba da sigina yana kan birki, sai fitilun gefen su riƙa numfashi tare, wannan ta dushe waccan ta taso. An riga an canza masa ƙwai da filasha a wani wuri, har ana maganar makunnin sitiyari. An bar jaki ana dukan taiki. Na sa yaro ya ɗauko doguwar waya, muka maƙala kai ɗaya a negetif na batir, ɗaya kan muka taɓa ƙarfen mazaunin ƙwan baya. Nan take komai ya koma hayyacinsa. Da muka kwance fitilar, sai ga notin ya yi jawur, kan wayar ya yi kore, kana taɓa shi yana marmashewa. Wutar birki ce ta iso, ta tarar da hanyarta ta komawa a toshe, sai ta kutsa ta cikin ƙwan sigina da zaren fakin tana neman mafita, ta bi layin fakin har dashbod. Samfefa, sabon kan waya, ɗan giris a bisa bayan an ɗaure, shi ke nan aikin. Duk ranar da ka ga fitilu suna shiga sha'anin juna, kada ka je ko'ina sai ka duba negetif. A Toyota ma an sauƙaƙa maka: farar waya mai baƙin layi ita ce.

Sai maganar awo, don a nan ne masu mita suke faɗawa rami. Yaro zai zare soket, ya sa mita, ya ga 12 ta fito, ya ce, "Oga, wuta tana zuwa." Ya mayar da ƙwai, shiru. Ya sake sabon ƙwai, shiru. Abin da bai sani ba shi ne mita ba ta jan wuta sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wayar da duk zarenta ya tsinke saura sili ɗaya, za ta nuna maka 12 cif a mita, amma ba za ta iya ciyar da ƙwan wat 55 ba. Don haka ka auna fitila tana kunne, ƙwai yana mazauninsa. Sa tsinke ɗaya a fozitif na batir, ɗaya a fozitif na ƙwan: abin da mita ta nuna shi ne wutar da ta zube a hanya, kuma in ya haura rabin bolt akwai inda take maƙalewa. Ka maimaita tsakanin negetif na ƙwan da negetif na batir. A nan ko 0.2 ya wuce, ka fara zargi. Daga nan sai ka riƙa matsowa gaɓa-gaɓa, daga soket zuwa soket, har ka iso inda lambar ta faɗi. Wani lokaci ma yatsanka zai riga mita: haɗin da ya saki yakan yi ɗumi. Fitila mai jan haske kamar ta aci-bal-bal, wadda direba yake cewa a sa masa babban ƙwai, sau da yawa wannan ce cutarta.

Kafin duk wannan, ka san lafiyar batir ɗin kansa. Cikakke, inji a kashe, wajen 12.6 yake nunawa. Inji yana aiki, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4 ko kusa da haka. In ka ga ya haura 15, altanita tana cika wuta fiye da ƙima, kuma ita ce take cinye ƙwayayen da ake ta zargin masu shago a kansu. Wannan al'ada kuma ta cire kan batir inji yana aiki don a ga ko altanita tana caji, ina roƙonka ka bar ta. Mu da muka buɗe ido a kan Peugeot 404 da 504, zamanin da masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975 take cika titunanmu da su, mun ga ana yi ana tsira, saboda babu kwamfuta a cikinsu. Motar yau tana da kwamfuta, kuma tsallen wuta na daƙiƙa ɗaya ya isa ya kashe ta.

Fis kuma, ɗana, ba ya ƙonewa don ƙeta. An yi shi ne ya mutu domin waya ta rayu. Kalarsa tana faɗa maka ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. In ka cire ja ka sa kore don ya daina ƙonewa, ka mayar da wayar ita ce fis. In ka naɗa silin waya ko takardar kwalin sigari a gurbinsa, ka ma fi haka ɓarna. Na ga a-kori-kura da aka yi wa wannan, an jawo ta da igiya, dashbod ya narke ya zuba a kan tabarmar ƙafa, wayoyin sun dunƙule wuri guda kamar an dafa su. Mai ita ya tsira da ransa da 'yar jakar takardunsa. Asalin abin kuwa wata waya ce a ƙarƙashin akwatin kaya da gefen ƙarfe ya goge wa riga, gyaran da bai kai kuɗin kwanon abinci ba. Garin neman gira aka rasa ido.

Ga dabarar da za ta hutar da kai ƙona fis goma kana neman inda waya take taɓa bodi. Ka ɗauki ƙwan fitila mai rai, ka ɗaura masa wayoyi biyu, ka soka su a ramukan fis ɗin da yake ƙonewa. Muddin wayar tana taɓa ƙarfe, ƙwan zai haska tar, kuma shi zai tare wutar, ba abin da zai ƙone. Sai ka sa wani ya zuba masa ido, kai kuma ka bi layi kana zare soket ɗaya bayan ɗaya, kana girgiza wayoyi. Inda ka taɓa hasken ya dushe ko ya ɗauke, ka iso. Wuraren da za ka fara leƙawa sanannu ne: inda waya ta ratsa ramin ƙarfe robarsa ta fita, kusa da salansa, bakin ƙofar baya inda ake jan buhu, duk inda mai walda ya yi aiki bai janye wayoyi ba, da kuma motar da ta daɗe a ajiye kusa da rumbu, don ɓera ba ya raina rigar waya.

Direbobin dare za su matsa maka a kan haske, kuma ina tausaya musu, wanda ya bi hanyar ƙauye mai ramuka da duhu ya san dalili. Amma ka yi musu lissafi. Ƙwan H4 mai ƙafa uku da yawancin waɗannan motoci suke amfani da shi wat 60 ne a ful, 55 a dim. Raba wat da bolt ka sami amfiya: 60 a raba da 12, amfiya 5 ke nan, biyu su ba ka 10. In ka sa masu wat 100, biyun sun doshi amfiya 17, a kan waya da makunnin da ba a yi su don haka ba. Shi ya sa kake ganin soket ya yi baƙi ya narke, makunnin sitiyari yana ƙauri. In dole sai an ƙara fitila, a ja mata waya mai kauri daga batir, a sa fis kusa da batir ɗin, a sa rile. Lambobin ƙafafun rile ba su da wuyar haddacewa: 30 daga batir, 87 zuwa fitila, 85 da 86 su ne na ɗan naɗin da makunni yake tayarwa. Da haka makunni ba ya ɗaukar kaya, umarni kawai yake bayarwa.

Wani abu kuma da yake rikita sababbin hannu: a yawancin tsofaffin Toyota, fozitif yana isa ƙwan gaba kai tsaye da zarar an kunna, makunnin dim da ful kuwa negetif yake juyawa. Sai yaro ya sa tasta ya ga wuta a ƙafa fiye da ɗaya, ya ce waya ta haɗe, ya kama yanka. Lafiyarta lau, wutar ce take ratsowa ta zaren ƙwan tana jiran a ba ta hanya. Wannan tsarin ne kuma yake sa wasu fitilun LED su ƙi kamawa ko ful ya rikice in an soka su haka nan. Su LED ɗin ma, in an sa su a sigina, sai ta riƙa ƙyaftawa da sauri don ba sa jan wuta kamar ƙwan wat 21. In kuma an cusa su a gidan fitilar da ba nasu ba, hasken yakan watsu ya shiga idon mai tahowa. Direbanka yana gani, wanda zai yi karo da shi ba ya gani. Ban san wa aka taimaka ba. Duk fitilar gaban da ka taɓa, ka tsayar da motar gaban bango da yamma ka saita ta, kuma ka tuna a-kori-kura in ta sha kaya bayanta yakan zauna, hancinta ya ɗaga sama.

Ƙananan abubuwa ma suna da rana. Kada ka kama gilashin ƙwan halojin da yatsa, maiƙon hannu yana sa wurin ya yi zafi fiye da sauran ya gajarta masa kwana. Ƙwan baya mai zare biyu, wat 21 na birki da wat 5 na fakin, 'yan kunnuwansa ba a layi ɗaya suke ba don kada ya shiga a juye; in ya ƙi shiga, juya shi, kada ka danna da ƙarfi. In ka sa mai zare ɗaya a gurbinsa, zai haɗe layukan biyu, ka dawo kana neman aljanu. Ka karanta jikin ƙwai kafin ka karɓa, don na bolt 24 na manyan motoci yana shiga mazauni ɗaya, sai dai haskensa kamar na mai jin barci. In kuma direba ya ce fitilar birki ta ƙi mutuwa har batir ya sauka da safe, leƙa saman fedar birki: akwai wata 'yar roba da take danne makunnin, in ta tsufa takan farfashe, za ka ma tsinci ɓurɓushinta a kan tabarma.

In yanka ya zama dole, to ka yi haɗin da ba za ka ji kunyar wani ya buɗe ba. Murɗa waya da yatsa a naɗe da salatef ba ya kai wata nawa a zafin Afrilu. Gam ɗin ya narke, tef ya warware, ruwa ya shiga. Ka liƙa da dalma ko ka matse da kan waya na kirki, ka rufe da robar da wuta take tsukewa, ka ɗaure layin a jikin shasi yadda ba zai yi lilo ba. Ka yi ƙoƙarin sa kala irin wadda ka tarar, don wanda zai zo bayanka, wataƙila ma kai ne bayan shekara biyu ka manta. Wayar da za ka saya kuma, ko a Ƙofar Ruwa ne ko a Panteka, ka kankare silinta da wuƙa: in jan ya tafi fari ya bayyana, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Araha ba ta ado.

Sababbin motocin nan da suke shigowa, fitilunsu da yawa ta hannun kwamfuta suke karɓar umarni. A kansu ka ajiye tsohuwar tasta mai ƙwai, ka ɗauki mita, kuma kada ka huda rigar waya da allura kana lalube. Soket mai kalar rawaya na jakar iska ne, ba ruwanka da shi. Wayar hannun da ke aljihunka tana iya nemo maka zanen wayoyin kusan kowace mota; mu da ido da haddar kala muka koya, ku an kawo muku har gida. Na ga 'yan mata ma daga makarantun koyon sana'a suna karanta zanen nan tiryan-tiryan, abin ya burge ni ƙwarai. In aiki ya fi ƙarfinka, cewa "bari in tambayi na gaba da ni" ba ya rage maka komai a idon mai mota mai hankali.

Akwai jarabawar da za ta zo maka ranar da ka gano cewa duk matsalar noti ɗaya ce mai tsatsa. Zuciya za ta ce, wa zai biya ka kuɗin kirki a kan goge noti? Sai ka ji kamar ka ce rile ne ya mutu, ka ƙara da filasha. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma direbobi a tasha ɗaya suke shan shayi. Kira shi ka nuna masa tsatsar da idonsa, ka ce, "Maigida, ga abin da ya wahalar da kai. Kuɗin nemowa za ka biya, ba na kaya ba." Wasu za su yi ƙorafi. Amma irinsu ne suke dawowa da abokansu, su ce ga yaron da ba ya canza abin da bai mutu ba.

Direba yakan damu da fitilar gaba don da ita yake gani, ya yi sakaci da ta baya don ba ya ganinta. Kai ne za ka damu da ita a madadinsa. Ranar kasuwa da daddare, a-kori-kura ta ɗauko buhuna har sun rufe mata baya, mutane a zaune a bisa, tana tafiya a hankali a kan babban titi, in babu jan haske a bayanta mai tahowa da gudu ba zai san da ita ba sai ya iso. In ta lalace a hanya, ganyen da ake zubawa a kwalta ba ya haske. Saboda haka ko sigina kaɗai aka kawo maka, kada motar ta bar gabanka sai ka sake sa direba ya zauna, ka koma baya ka ce ya taka birki, ya kunna fakin, ya danna fitilar haɗari, ka girgiza wayoyin da ka taɓa suna kunne. In gilashin baya ya fashe ko ya koɗe ya zama fari, ka faɗa masa. In ya ce ba kuɗi yau, ka goge masa wanda yake akwai, ka toshe inda ruwa yake shiga, ka ba shi fis biyu masu ƙarfin da ya dace ya ajiye a aljihun mota, ka nuna masa ramin da kowanne yake shiga.